Mahaifina ya yi fushi da ni saboda na ce yana lalata kwamfutarsa

Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan wani al'amari da ya shiga tsakanina da mahaifina, wanda a ido ƙarami ne amma ya hana ni sukuni. Baba tsohon shugaban makarantar firamare ne, ya haura shekara 70, kuma tun da ya yi ritaya yake rubuta tarihin garinmu da na zuri'armu. Bara na saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka domin ya huta da rubutun biro, ya kuwa yi murna, saboda ya taɓa aiki da kwamfuta a ofishin ilimi kafin ya bar aiki. Matsalar ita ce yadda yake kula da ita. Ba ya sa mata caji sai batir ya ƙare ƙarƙaf ta mutu da kanta. Da ya kunna ta sai ya yi ta danna rifiresh, wai ɗumama ta yake yi. Ya sa an zuba mata manhajojin kashe bairos har guda uku, ya hana ta sabunta kanta domin a cewarsa sabuntawar ce ke kawo cuta ta kuma cinye data, sannan yakan lulluɓe ta da tawul ko da tana kunne, saboda ƙura. Akwai wani matashi, ɗan amininsa, da ke zuwa duk wata ya yi mata abin da suke kira sabis a biya shi. Kwanakin baya ya yi mata fomatin, wato ya goge duk abin da ke cikinta, babi biyu na littafin suka tafi. Da na je gida na tarar da haka raina ya ɓaci, na ce wa Baba a gaban ƙannena da jikokinsa duk waɗannan abubuwa camfi ne, kuma yaron nan cutarsa yake yi. Bai ce mini komai ba illa tun ina firamare yake taɓa kwamfuta. Daga ranar ya mayar da ita jaka ya koma biro, ko a waya ma daga gaisuwa ba ya ƙara komai. Yayana ya ce in ƙyale shi da abinsa, ni kuwa tsoro nake ji kada aikin shekaru ya salwanta. Yaya zan yi?

Daga wata 'yar'uwa a Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Tsoron da kike ji yana da tushe. Tarihin gari irin wanda Baba yake rubutawa daga bakin tsofaffi ake tattara mafi yawansa, kuma idan ya ɓace ba lallai ne a sake samun waɗanda za su maimaita shi ba, don haka ba abu ne da za a zuba ido a bar shi a kan na'ura ɗaya tilo ba. A yawancin abin da kika faɗa game da kwamfutar ma kina da gaskiya. Sai dai gaskiyar nan ba za ta amfani littafin da komai ba muddin kwamfutar tana cikin jaka, mai ita kuma yana jin an ci masa fuska. Saboda haka daga wajen Baba za mu fara, kafin mu zo kan na'ura.

Ki dubi ranar nan da idonsa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a gaban aji da gaban malamai, shi ke gyara wa mutane kuskure, shi ake kawo wa takarda ya duba ya sa hannu. Ya riga ya yi asarar babi biyu, kuma ba na shakkar abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya nuna, domin shi kaɗai ya san daren da ya raba a kansu. Yana cikin wannan hali sai 'yarsa ta zo, a gaban ƙannenta da jikokinsa, ta kira saninsa camfi, ta kuma nuna cewa ɗan amininsa yana yi masa wayo shi bai farga ba. Maganar farko ta taɓa iliminsa, ta biyu ta taɓa hankalinsa da amincin da ke tsakaninsa da abokinsa. Da ya ce tun kina firamare yake taɓa kwamfuta, matsayinsa yake tuna miki, kuma mayar da ita jaka da ya yi hanyarsa ce ta cewa ba zai karɓi kyautar da za ta zama dalilin raina shi ba.

Ki shirya ki je gida takanas, kada ki yi wannan ta waya. Ki same shi shi kaɗai a lokacin da ya saba hutawa, bayan la'asar ko bayan isha'i, ki durƙusa ki ba shi haƙuri a kan yadda kika yi magana da kuma wurin da kika yi ta. Kada ki ɗora wa ban-haƙurin wani bayani na kare kai, domin da zarar kin ce kin yi kuskure amma dai batirin kaza ne, to kin koma gidan jiya. A wannan zuwan kada ki ɗauko zancen kwamfuta sam. Ki tambaye shi littafin, ina ya kai, wace unguwa ko wane zamani yake rubutu a kai yanzu, ki roƙe shi ya karanta miki wani sashe. Idan kina ganin fushin ya yi zurfi, ki fara bi ta wajen mahaifiyarku ko wata gwaggo da yake jin nauyinta. Tun da kuma a gaban yara abin ya faru, ya dace wani ɓangare na gyaran ya kasance a gabansu: wata rana ana zaune ki faɗa da bakinki cewa ranar nan kin yi wa Baba magana ba daidai ba, jimla ɗaya ta isa, su ma jikokin za su ɗauki darasi.

Abin da zai sa ban-haƙurin nan ya fito daga zuciyarki shi ne ki san cewa yawancin abin da Baba yake yi ba daga iska ya ɗauko shi ba. Ilimi ne da ya yi daidai a zamaninsa, na'urorin ne suka canza, ba wanda kuma ya zauna ya sanar da shi cikin mutunci. Maganar batir ita ce ta fi nuna haka. Batiran caji na da, irin na nikel da kadmiyom, an san su da cewa idan aka saba yi musu caji alhali ba su ƙare ba, ƙarfinsu yakan ragu, shi ya sa masu sayarwa da masu gyara suke gargaɗin a bari su ƙare tukuna, kuma wanda ya bi wannan gargaɗi a lokacin ya yi daidai. Batirin litiyom, wanda kamfanin Sony ya fara kawowa kasuwa a 1991, shi ne yau a cikin wayoyinmu da kwamfutocin tafi-da-gidanka, halinsa kuwa akasin na wancan ne. Abin da ya fi gajiyar da shi shi ne a riƙa zuƙe shi har ƙasa, sai kuma zafi. Ya fi yin ƙarko idan ana sa masa caji tun yana wajen kashi 20 ko 30 cikin ɗari, ba kuma dole ba ne ya cika taf kowane lokaci. Tsoron cewa zai cika ya wuce kima shi ma ya kau, domin kwamfutar da kanta take yanke cajin idan ya cika, har ma kamfanoni irin su Lenovo da Dell da ASUS sun sa wani saiti da ke tsayar da caji a wajen kashi 80 ko ƙasa da haka, domin masu barin ta a jone kullum.

Batirin ma ba shi ne ya fi damuna ba, tun da ana iya sayen wani. Windows yakan yi ƙoƙarin ajiye aikin da ake yi kafin caji ya ƙare, amma batirin da ya gaji yakan yanke ba zato, kuma kwamfutar da ta mutu ana tsakiyar rubutu tana iya tafiya da abin da ba a adana ba, wani lokaci ta lalata fayil ɗin da ke buɗe. Akwai hujjar da Baba zai karɓa ba tare da an taɓa iliminsa ba: a inda wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, a yi caji duk lokacin da aka same ta, kada ilhamar rubutu ta zo a tarar da batir babu komai. Abin da ya cancanci a ji tsoro a wajen wuta shi ne ƙarfin da take dawowa da shi bayan an ɗauke, da hawa da saukar wutar ƙaramin janareto. Ki saya masa soket mai kariya daga irin wannan, ki tabbata cajar da yake amfani da ita ta asali ce, kuma idan kika ga ƙasan kwamfutar ya kumbura ko madannanta sun taso, batirin ne ya kumbura, a daina amfani da ita har sai an canza shi.

Rifiresh kuwa ki ƙyale masa abinsa. Abin da yake yi kawai shi ne ya sa kwamfuta ta sake zana abin da ke kan fuskarta, kamar malamin da ya goge allo ya sake rubuta abin da ya goge, bai ƙara wa darasin komai ba, bai kuma rage ba. Saurin da Baba yake gani bayan ya yi ta dannawa, lokacin ne da kwamfutar take buƙata ta gama tayar da manhajojinta, da ya zauna ya jira ma haka za ta yi. Tun da ba ya ɓata komai, kada ki kashe alfarmar da kike da ita a wajensa a kan wannan. A nan yayanki ya fi ki gaskiya.

Tawul ɗin rabinsa daidai ne. Duk wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan tebur cikin yini ɗaya ya san Baba bai yi kuskure ba da ya ɗauke ta abokiyar gaba. Takan shiga ta ramukan iska, ta taru a jikin fanka da ƙarfen da ke fitar da zafi, ta dunƙule ta toshe hanya. Kuskuren yana wajen rufe kwamfutar tana kunne, domin ta waɗannan ramuka take shaƙar iska ta fitar da zafinta. Idan aka toshe su sai ta rage gudu da kanta, fanka ta yi ta ƙara, idan abin ya yi yawa ta kashe kanta, batirin kuma yana gasuwa a ciki. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa da dama na arewa, wannan ya fi muni, kuma haka abin yake idan aka ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma. Ki sa tela ya ɗinka mata riga mai kyau ki kai masa a matsayin tsaraba, ki ce a riƙa sa mata bayan an kashe ta ta huce, ki kuma samar masa ɗan tebur ko katako mai santsi da zai riƙa ɗora ta a kai. Kin ga kin ƙarfafa al'adarsa ke nan, lokacin yin ta kawai kika gyara.

Inda ba za a yi shiru ba shi ne manhajojin kashe bairos guda uku da hana sabuntawa, domin su ne suke jefa littafin cikin haɗari kai tsaye. Nan ma tsoronsa yana da asali. Wanda ya yi aikin ofis a zamanin Windows XP ya ga yadda filash ɗaya da aka kai shagon buga takardu ke dawowa da cutar da za ta bi kwamfutocin ofis ɗaya bayan ɗaya, ta ɓoye fayiloli, a wayi gari ana neman takardar albashi an rasa. A lokacin Windows ba ya zuwa da manhajar kashe bairos ta kansa, dole sai an nemo an zuba. Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, kamfanin Microsoft ya sa cikakkiyar manhajar kariya a ciki, wadda ake kira Defender, kyauta, kuma ga mai rubutu da ɗan leƙa intanet irin Baba ta wadatar. Idan aka tara uku a kwamfuta ɗaya, kowacce tana son ita ce za ta fara binciken duk fayil ɗin da aka buɗe, sai su yi ta karo da juna, wata ta ɗauki 'yar'uwarta a matsayin cuta, na'urar ta yi nauyi. Sau da yawa kuma irin waɗanda ake zubowa daga filash ɗin wani na sata ne ko waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Wadda wa'adinta ya ƙare ba ta san cututtukan da suka fito bayanta ba, ta sata kuwa ita kanta tana iya zuwa da cuta a jikinta. Ki lura da zagayen da ake yi a gidanku: manhajoji uku sun sa kwamfuta nauyi, nauyin ya sa an kira mai gyara, mai gyara ya yi fomatin ya sake zuba su, wata mai zuwa a maimaita. Idan aka cire su ta hanyar da ta dace aka bar Defender ita kaɗai, ina kyautata zaton Baba da kansa zai ga bambanci.

Sabuntawa ita ce hanyar da ake toshe ɓarakar da aka gano a jikin Windows, kuma ta irin waɗannan ɓaraka cututtuka suke shiga. A watan Mayun 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin gwamnati a Ingila, tana neman a biya kuɗin fansa, alhali Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar da ta bi tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta ba su ne ta samu ƙofarsu a buɗe. Duk da haka ƙorafin Baba a kan data gaskiya ne, kada ki musa masa, domin sabuntawa ɗaya tana iya lashe abin da ɗan fansho ya saya don ya kai shi ƙarshen wata, ga kuma takaicin kwamfuta ta ce za ta sake kunna kanta mutum yana tsakiyar jimla. Maganin shi ne ki ɗauke masa nauyin. Akwai saiti a Windows da ke sanar da kwamfuta cewa datar da aka jona mata a ƙididdige take, sai ta rage sauko da manyan kaya da kanta. Ki kunna shi, sannan sau ɗaya a wata, ke ko wani daga cikin ƙannenki ya sabunta ta da datarku, tun da ranar Talata ta biyu a kowane wata Microsoft ya saba fitar da gyare-gyaren tsaro. Ki kuma duba wane Windows ne a kanta, musamman idan ta hannu kika saya, domin an daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Idan ba za ta iya ɗaukar Windows 11 ba, ba sai an jefar da ita ba. A mayar da ita ta rubutu zalla, a rage jona ta da intanet, kada kuma a yi harkar banki a kanta.

Sai matashin nan. Kada ki yanke masa hukuncin macuci tun ba ki zauna da shi ba. Da yawa daga masu gyara a hannu suka koyi sana'ar a wajen ubangida, abin da suka tashi suka ga ana yi kuwa shi ne duk kwamfutar da ta yi nauyi a yi mata fomatin, domin ya fi sauri a kan neman ainihin matsalar. Mai yiwuwa ma Baba ne ke kiransa, yana jin daɗin zuwan nasa da hirar da ake yi, yana kuma ganin hanya ce ta taimakon ɗan abokinsa ba tare da ya zama kamar sadaka ba. Amma kyakkyawar niyya ba ta wanke shi daga sakaci, domin goge na'urar mutum ba tare da an kwafe fayilolinsa ba babban kuskure ne a wannan sana'a, kuma dole ya san haka. Kwamfuta mai lafiya ba ta buƙatar sabis duk wata. Jera fayiloli a faifan ajiyar kwamfuta, wanda a da ake zama a yi ta kallon 'yan akwatuna masu launi suna motsi a allo na tsawon awanni, Windows yana yinsa da kansa bisa jadawali tun zamanin Vista, ma'ajiyar zamani ta SSD kuwa, da ba ta da faifai mai juyawa, ba ta buƙatarsa. Manhajojin da ke alƙawarin share datti da ƙara gudu ma ba a buƙatarsu, Microsoft da kansa bai goyi bayan amfani da masu taɓa rijistar Windows ba, wato kundin da yake ajiye saitocinsa, saboda suna iya goge abin da bai kamata ba. Fomatin kuwa mataki ne na ƙarshe, bayan komai ya gagara.

Ki kira shi gefe, ba a gaban Baba ba, ki yi masa magana a matsayin yaya da ƙani, ki ce taimakonsa kike nema. Ki ba shi aikin da yake na gaske ki biya shi: ya cire manhajojin nan uku, ya buɗe kwamfutar ya hure ƙurar fanka sau ɗaya a shekara bayan hunturu, idan kuma har yanzu tana nauyi a duba ko za a ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki ta RAM zuwa gigabait 8, ko a musanya tsohon faifai da SSD, wanda shi ne canjin da ya fi farfaɗo da tsohuwar kwamfuta. Ki gindaya masa sharaɗi ɗaya da ba ya canzawa: ba fomatin, ba zuba sabuwar manhaja, sai ya kira ki, kuma sai an kwafe littafin a wuri biyu an buɗe an tabbatar. Idan ya karɓa kin sami ido a gida, idan ya ƙi ko ya saɓa, sai ki nemi wani a hankali, ba tare da an kai maganar gaban mahaifinsa ba, domin zumuncin dattawan nan biyu ya girmi kwamfutar. Abu ɗaya da Baba zai iya yi da hannunsa a madadin sabis shi ne ya zaɓi sake kunnawa, wato Restart, sau ɗaya a mako, domin tun daga Windows 8 kashewa ta yau da kullum takan ajiye wani ɓangare na tsarin don ta tashi da wuri, sake kunnawa ce ke farawa daga tushe.

Game da babi biyun nan, kada ki yi wa Baba alƙawari, amma kada ki fid da rai tukuna. Idan kwamfutar mai tsohon faifai ce kuma fomatin na gaggawa aka yi, sau da yawa rubutun yana nan har sai an ɗora wani abu a kansa, saboda haka zamanta a jaka ya zama alheri ta wannan fuska. Kafin a cire ko a zuba komai, ki fara kai ta wajen wanda ya ƙware a ceto fayiloli. Idan SSD ce, damar ta yi ƙasa ƙwarai. Ki tambayi matashin ko ya taɓa kwafar wani abu a filash ɗinsa, ki kuma tambayi Baba cikin hikima ko yana da rubutun hannu na waɗannan babi, tun da mutanen zamaninsu ba kasafai suke jefar da takarda ba.

Duk abin da na faɗa a sama, idan aka ce ɗaya kawai za ki iya yi, to ki yi ajiya. Kwamfuta ko an kula da ita yadda ya kamata tana iya faɗuwa, a sace ta, ruwa ya zube mata, ko faifanta ya mutu ba gargaɗi. Littafin ya kasance a wuri uku: a kwamfutar, a filash guda da aka keɓe masa wanda ba ya zuwa shagon buga takardu, da kuma wani wuri a wajen gidan. Google yana ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, littafin rubutu zalla kuwa ko kusa ba zai ci wannan ba. Hanya mafi sauƙi ita ce duk ranar Juma'a a turo miki fayil ɗin ta imel ko WhatsApp da kwanan wata a jikin sunansa, wani jika ya taimaka idan da buƙata. Kada ki gabatar da wannan a matsayin tsaro daga kuskurensa; ki ce kina so ki riƙa karanta kowane babi da zarar ya kammala, ki kuwa karanta da gaske ki dawo masa da tambayoyi. Duk babin da ya gama ki buga shi a takarda, a yi masa bango ki kai masa, domin takarda ce abin da ya fi amincewa da shi, kuma ita ma ajiya ce.

Akwai gargaɗi guda da nake so ya isa kunnensa ko ta bakin wa. Mai tsananin tsoron bairos shi ne 'yan damfara suka fi samu, ta hanyar saƙon da ke faɗowa a allo da jan rubutu, wani lokaci har da ƙara, yana cewa kwamfutarka ta kamu, ka danna nan ko ka kira wannan lamba. Saƙon gargaɗi na gaskiya daga Windows ba ya zuwa da lambar waya. Ki roƙe shi, idan ya ga irin wannan, kada ya danna komai, ya rufe kwamfutar ya kira ki, kuma kada ya ba kowa lambar sirrin bankinsa ko lambar da aka turo masa a waya.

Kada ki kwaso gyare-gyaren nan ki zube masa a zama ɗaya. Bayan an shirya, ki tambaye shi labarin kwamfutar farko da ya taɓa a ofis, ki saurara har ƙarshe, daga nan ne za ki sami ƙofar cewa ashe batiran yanzu sun bambanta da na wancan lokaci. A kowace ziyara abu ɗaya ya isa, ki bar shi ya danna da hannunsa maimakon ki karɓe linzamin, ki rubuta masa matakan da Hausa da manyan baƙaƙe a kati ya ajiye kusa da ita. Shawarar yayanki ta a ƙyale shi ta dace da rifiresh da duk abin da ba ya cutarwa, amma ba ta dace da ajiya ba, don haka ki jawo shi cikin aikin, ko da datar wata-wata ce zai ɗauka.

Yana yiwuwa bayan duk wannan Baba ya ce shi da biro har ƙarshe. Idan haka ta faru kada ki matsa masa, haƙƙinsa ne, kuma wataƙila tunaninsa ya fi gudana a takarda. Ki nemi izininsa ki riƙa ɗaukar hoton shafukan da ya rubuta da wayarki duk lokacin da kika je, wani daga cikin jikoki ya buga su a kwamfutar nan, a fitar a takarda a kawo masa ya gyara da jan biro kamar yadda ya saba yi wa ɗalibai, sannan a shigar da gyaran a turo miki kwafi. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana ya ga littafinsa a kammale.